In Ka Shiga Madani, A Ina Za Ka Ci?

Sanin kowa ne cewa Bahaushe bai ɗauki cin abinci a bakin hanya a matsayin abin mutunci ba. Mun taso mun tarar dattijo ya gwammace ya wuni da yunwa da a gan shi tsugune a kasuwa yana kai loma, mace kuwa ba a ma maganarta. Da wannan kunya kakanninmu suka baro Sakkwato da Kano da Katsina da Damagaram, da ita Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa suka iso bakin Nil Azrak bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau tana nan daram a ƙauyukanmu na Jazira da Sinnar. Abu biyu ne suka rufa mana asiri shekara da shekaru, wato guzuri da masauki. Mai zuwa birni yakan ƙulle 'yar furarsa da ƙuli-ƙuli da dabino a bakin jaka, in ya isa kuma akwai gidan ɗan'uwa ko na ɗan garinsu, inda za a riƙa fito masa da siniya ba tare da an tambaye shi ranar komawa ba.

To, masaukin nan ne ya yi rauni. Rikicin da ya auka wa jama'armu a jihar Nil Azrak a 2022 ya cika gidajen 'yan'uwa na Sinnar da Madani da masu gudun hijira. Ba a gama farfaɗowa ba yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Madani ta faɗa hannun Da'amus Sari a Disamba na wannan shekara, sai a Janairu 2025 soja suka sake shigarta. Sinja ma ta yi watanni biyar a irin wannan hali a 2024. Da yawa daga cikin waɗanda suka koma gidajensu sun tarar ba ƙofa ba taga, ba tukunyar gas, ba ko katifa. Irin wannan mai gida in ka sauka masa ba zai kore ka ba, zai ci bashi ya ciyar da kai ya hana 'ya'yansa, kai kuma ba za ka sani ba. An ce baƙo raɓa ne, amma mai jinyar da zai yi mako biyu a bakin asibiti ya wuce raɓa. Ga shi kuwa zuwa birni bai daina zama dole ba: akwai asibiti, akwai neman lambar ɗan ƙasa da fasfo, akwai sayar da amfanin gona, akwai kai yaro jami'a. Ra'ayinmu shi ne, a wannan zamani wanda ya sayi abincinsa a kasuwa ya ci ya fi mutunci a kan wanda ya ɗora wa ɗan'uwa nauyin da ba zai iya ba. Sai dai cin kasuwa shi ma yana da ƙa'ida.

Farkon abin da ke rikita baƙo shi ne lokaci. Mu a ƙauye da an sallame asuba, an sha koko ko an ɗumama tuwo, sai gona. Mutumin birni kuwa shayi da zalabiya kawai yake sa wa cikinsa da sassafe, abin da yake kira fatur sai wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya. A daidai wannan lokaci ne ma'aikacin da ka zo nema zai bar teburinsa, a ce maka ya tafi fatur. Kada ka tsaya kana zafin rai a bakin taga, kai ma tafi ka ci, domin a lokacin ne abinci yake sabo kuma yake da zafi. Wanda ya daure har azahar gindin tukunya zai tarar. Abincin rana sai wajen la'asar, yawancin mutane kuma a gida suke cinsa, shi ya sa rumfuna da dama suke rufewa. Da dare sai ful ya sake dawowa.

Ful ba baƙonmu ba ne, ko a kantin ƙauye ana sayarwa, amma akwai mai ful akwai mai ful. Na kirki shi ne wanda ya kwana kan wuta a cikin gidra, tukunyar nan mai faɗin ciki da ƙaramin baki, har ƙwayar ta yi ja ta yi laushi, ta yadda da an danna ta da gindin kwalba sai ta baje. A zuba man riɗi da ɗan gishiri da shamar da albasa, a ba ka burodi biyu ko uku, ka ƙoshi har la'asar. Sansana man kafin ka ce a ƙara, don man riɗi na gaskiya ƙanshinsa ba ya ɓuya, wasu kuwa sukan sirka shi da wani mai su karɓi kuɗin na riɗi. In yaron kanti ya tambaye ka ko musallah kake so, ka san yana nufin a ɗora farin cuku da ɗa'amiya da ƙwai, kuɗin kuma zai iya ninkawa. Tambayi farashi tun kafin a zuba. Ba ƙauyanci ba ne, 'yan birnin ma haka suke yi yanzu da farashi ba ya kwana inda ya wuni.

Akwai kuma ƙanen ful da ake kira bosh, wato a marmasa burodi a babban kwano, a jiƙa shi da romon ful, a sa mai da albasa da ɗan ruwan cuku, mutum huɗu ko biyar su sa hannu. Ana cewa sunan shugaban Amurka Bush aka laƙaba masa. Da shi ɗalibanmu da dama suka yi karatun jami'a suka gama, saboda haka ba za mu raina shi ba. Amma iyaye su sani, yaron da ya ce yana cin abinci sau uku a birni, mai yiwuwa bosh yake nufi sau uku. In za a aika masa saƙo, a haɗa da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi.

Dattijon da cikinsa bai saba da burodi ba, sai a nufi da shi rumfunan mata masu tuwo da ake samu kusa da tasha da bakin asibiti. A nan babu abin tsoro, kusan duk abin da ke cikin tukwanen ya san shi da wani suna. Asida tuwon dawa ne, sai dai an bar ƙullun ya yi ɗan tsami. Weka busasshiyar kuɓewa ce, hudra lalo ne, sharmut kuwa nama ne da aka yanyana aka shanya aka daka. In aka haɗa sharmut da weka da soyayyiyar albasa da tumatir an yi tagaliya, in aka ƙara nono an yi na'imiya. Kawal da mutanen yamma suke sa wa miya, wanda warinsa kan sa wasu toshe hanci, ganyen tafasa ne aka binne a tulu ya ruɓa aka shanya, aikin daddawa yake yi, kuma mai cin daddawa bai kamata ya yi wa mai cin kawal dariya ba. Gurasar mutanen arewa da ake zuba wa miyar dam'a 'yar'uwar gurasar Kano ce. Kwano ɗaya na asida ko falle uku na kisra da miyar da aka ɗebo tana tafasa, shi ne abinci mafi aminci ga mai jinya da wanda ya fara warkewa, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi bayan ful.

Kifi kuwa ba sai mun koya wa kowa ba, tunda masuntanmu ne ke cikin waɗanda suke kamo shi a madatsar Sinnar da ta Rusairis. Bulɗi karfasa ce, ijil giwan ruwa ne, garmut tarwaɗa. Ku zaɓa ɗanye a soya a gabanku, kuma da safe. Kafin yaƙi, wanda ya je Umdurman bai ci kifin Maurada ba, ko bai je kasuwar Gandahar an soya masa shayya ba, sai a ce bai je ba. Waɗanda gudun hijira ya kai Kasala da Bur Sudan kuma sun dawo da labarin salat, naman da Bija suke gasawa a kan duwatsu masu zafi.

Yanzu bari mu zo kan namu. Da magariba ta yi a Madani ko Sinnar ko Gadarif ko Kosti, duk inda ka hango wuta a tsakiyar tudun yashi an kewaye ta da tsinkaye, to ka iso gida, yi sallama da Hausa, da wuya ba a amsa maka ba. Agashe namu ne, sunan ma bai ɓoye kansa ba, nama ne a gashe. Shi ne tsiren Kano da Zariya, shi ne abin da mutanen Ikko suke kira suya, mutanen Kamaru soya, na Gana kuma cicinga, duk inda Bahaushe ya sauka ya tafi da wuƙarsa da yajinsa. A wannan ƙasa ya zama abin marmarin kowa, likita da lauya da ɗan kasuwa suna faka mota su tsaya a layi, har gidajen abincin Sudan na Alƙahira da Riyad suna rubuta shi a allonsu. Wani lokaci abin yakan ba mu dariya mai ciwo, mutum ya ci agashe da dare ya lashe yatsa, gari ya waye ya tambaye ka daga ina kuka zo, alhali kakanka na cikin waɗanda suka yi ta tsinkar audugar Jazira tun bayan da aka gama madatsar Sinnar a 1925.

Ga mai saye, agashe na kirki ana gane shi tun daga yanka. Jan nama ake samu marar jijiya, a fere shi siriri kamar tafin hannu, a soka a tsinke, a birkiɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da citta da barkono da masoro da gishiri, a yayyafa mai. Ba a ɗora shi kan harshen wuta, a gefe ake kafa shi zafin ya riƙa ratsa shi sannu a hankali, ana juyawa. Wanda aka yi wa gaggawa za ka ga bayansa ya ƙone cikinsa da jini. Wanda ya kwana kuma aka sake shafa masa mai, za ka ji garin ya yi ɗaci, naman ya yi tauri kamar fata. Nuna tsinken da kake so da hannunka, ka ce a mayar da shi wuta a gabanka, a yanka albasa sabuwa a matsa lemun tsami. Yanzu har na kaza da na kifi ake yi, mu dai ba mu ga wanda ya kai na sa ba, amma wannan ra'ayin bakinmu ne.

Muna da magana da samarinmu masu wannan sana'a, musamman waɗanda suka rasa gona suka kama wuƙa a 'yan shekarun nan. Sunan agashe ba na mutum ɗaya ba ne. Ran da wani ya sayo naman da ba a san mayankarsa ba don ya fi araha, ya gasa wani ya ci ya kwanta, ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi Hausawa ne. A nemi nama mai hatimin likitan dabbobi, a rufe tire daga ƙuda da ƙura, a ajiye buta da sabulu, a daina naɗe wa mutane nama a takardar buhun siminti. Kuma in dattijo ya zo daga ƙauye ya tsaya nesa yana jin nauyi, a shimfiɗa masa tabarma a bayan rumfa, a ce "Baba, bismillah, zauna nan", a kai masa can.

Haka nan godo-godo, 'yar'uwar furar da aka sani a ƙasar Hausa, wadda matanmu suke damawa da gero da nono da citta da sukari suna sayarwa a kasuwanni. Ga matafiyi babu kamarta, kofi ɗaya ya riƙe ka rabin wuni. Sharaɗin dai a dama ta da ruwa mai tsabta. Ita kuma dakwa, dakakkiyar gyaɗar nan da ake kwaɓa salatin tumatir da ita, kunnen Bahaushe ba ya rasa jin daka da dakuwa a cikin sunanta.

Abin sha a birni akasarinsa daga itatuwan da muka sani ne. Karkade zoɓo ne, aradeb tsamiya, gongoles 'ya'yan kuka, dom kuwa goruba. Ga lemun tsami da mangwaro da gwaiba daga lambunan bakin kogi. Wajen zama kuma shi ne gaban mai shayi, matar nan mai murhun gawayi da kwalaben kanumfari da citta da na'ana'a da 'yan kujeru a gindin bishiya. A nan za ka sha jabana ko shayi da madara, a nan kuma za ka ji wace taga ce ke karɓar takardu yau da kuma motar da za ta riga tashi. A girmama matan nan, a kira su hajja ko hala, a biya su ba ciniki. Da yawa daga cikinsu marayu suke riƙo, sun kuma sha kora da ƙwacen kaya a ƙarƙashin dokar nizamul am kafin a soke ta a 2019. Ɗaya daga cikinsu, Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa kansu cikin ƙungiyar taimakon juna a Hartum, har lambar yabo ta karɓa a Amurka a 2016.

Game da marisa da aragi ba za mu tsawaita ba. Numairi ya haramta giya a Satumba 1983, gyaran dokar da aka yi a 2020 kuma waɗanda ba Musulmi ba kaɗai ya sassauta wa. Abin da za mu ja kunnen yaranmu a kai shi ne sharbot, jiƙon dabinon da ake miƙa wa baƙo bayan naman layya. Na yini ɗaya ruwan dabino ne, wanda ya kwana uku yana kumfa ya tashi daga nan, ko da mai gida ya rantse.

Amma duk abin da muka lissafa babu mai kisa kamar ruwa. Ma'aikatar lafiya ta ba da sanarwar ɓullar kwalara a Agusta 2024, cutar ta ratsa Kasala da Gadarif da Jazira da Sinnar, a Mayu 2025 kuma ta yi ɓarna mai yawa a Umdurman bayan wutar lantarki ta ɗauke, injinan ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗiba daga kogi. Ƙwayar cutar ta baki take shiga, a ruwa ko a abincin da hannu marar tsabta ya taɓa, tafasa kuma tana kashe ta. Saboda haka shayi ya fi ruwan lemo aminci, miya mai zafi ta fi salati. Ƙanƙarar da ake fasawa a zuba a karkade, ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, sanyi kuma ba ya kashe ƙwayar. Randunan sadaka na bakin hanya al'ada ce mai kyau, Allah ya saka wa masu ajiye su, amma moɗa ɗaya ce kowa yake tsomawa. Ku tafi da gorarku, ku cika da tafasasshen ruwa ko wanda aka sa wa ƙwayar kulorin. In kuwa gudawa ta kama mutum kamar ruwan shinkafa, kada a tsaya jiƙa saiwa: a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi yana kurɓa, ana kan hanyar asibiti.

Sai marara, wato ɗanyar hanta da huhu da tumbi da ake yayyankawa a sa albasa da barkono da lemun tsami da ɗigon matsarmama. Maƙwabtanmu suna ji da ita, haka ɗanyar hantar raƙumi da kasuwar Tambul ta yi suna a kanta, in sun miƙo maka kuwa karramawa ce. Sai dai likitoci har wata cuta suka sa wa sunan marara, wata 'yar tsutsa ce da ke maƙalewa a maƙogwaro ta sa ƙaiƙayi da tari da kumburi. Lemun tsami ba wuta ba ne. Ka ce cikinka bai saba ba, ka roƙi a soya maka taka, ba wanda zai ji haushi.

Ladabin siniya bai bambanta da namu ba. A wanke hannu, a ci da dama, kowa gabansa. In kana ci wani ya zo wucewa ka ce masa itfaddal, kamar yadda muke cewa bismillah, in kai aka ce wa kuma ba dole ka zauna ba, ka sa albarka ka wuce. Wajen biya ne ake kokawa, kowa yana ture hannun ɗan'uwansa, wani har ya rantse da sakin matarsa a kan kwanon ful. Wannan rantsuwa kada mu koye ta, aure ya fi ƙarfin haka. Ka bar shi ya biya, kai ka biya shayi. Masu abinci da yawa suna karɓar kuɗi ta Bankak a waya, amma layi yakan ɗauke, tsohuwa mai kisra kuma ba lallai tana da irin wayar ba, don haka a riƙe 'yan canji a aljihun gaba, manyan kuɗi a ciki. Mata masu jinya su haɗu biyu ko uku su sayo su kai inuwar asibiti su ci tare, ko su zauna a rumfar mace 'yar'uwarsu. Wanda guzurinsa ya ƙare ƙaf kuma ya tambayi masallacin unguwa ko akwai takiyya kusa, wato girkin sadakar da matasa suka riƙa yi tun farkon yaƙi. Ba a tambayar ƙabila a wurin.

Wata ɗaya ne a shekara matafiyi ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin wannan bayani. Al'adar mutanen Jazira ce a watan azumi, in rana ta kusa faɗuwa, su fito bakin titin Hartum zuwa Madani su tare hanya, wasu da rawaninsu a miƙe, direba ya tsaya ko yana so ko ba ya so, a sauke fasinja kaf a kai su kan tabarmi. Za a fara miƙo maka hilu-mur, jan abin shan nan da ake yi da tsiron dawa da kayan ƙanshi, sai dabino da balila, sannan asida da tagaliya. In ka ci ka yi salla, ka yi musu addu'a ka hau mota. Kada ka kuskura ka sa hannu a aljihu, a wurinsu zagi ne.